Fargaba ta hana ni karatu: in je asibiti ne, ko in nemi shawara ta waya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Daura ce, ina aji uku a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke Katsina, a hostal nake zaune. Kusan wata takwas ke nan gabana yana yawan faɗuwa ba gaira ba dalili, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, barci ya ƙaurace mini. Ranar da aka ce rukuninmu ne zai yi bayani gaban aji ko fitowa ba na yi, har na samu kariyoba a kwas ɗaya saboda haka. Na sha maganin taifot da na maleriya har na gaji, a gida kuma an yi mini ruƙiyya. Ina ganin masu tallar ba da shawara ta WhatsApp da kiran bidiyo, ƙawata kuma ta ce gara in je asibiti ko ofishin ba da shawara na makaranta. Ni kuma kunya nake ji a gan ni ina shiga. Wanne ya fi, kuma na wayar yana aiki kuwa?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Na waya yana aiki, wannan ya wuce a tsaya musu a kansa. Amma in ni ce ke, zaman farko ba zan yi shi ta waya ba. Zan je a gan ni, a auna ni, a saurare ni a ɗaki mai ƙofa. Bayan nan sai a duba nawa ne daga cikin sauran aikin waya za ta iya ɗauka. Kuma a irin bayanin da kika yi, na fi karkata ga zuwa da ƙafa fiye da yadda zan karkata in da wata ce ta yi tambayar, saboda maganar nan ta gudun tsayawa gaban aji.

Dalilin farko na jiki ne. Bugun zuciya, rawar hannu, zufa, rashin barci da faɗuwar gaba alamomin ciwon fargaba ne, amma ba shi kaɗai ke kawo su ba. Ƙarancin jini yana sa zuciya gudu da haki, kuma ya yawaita ga 'yan matan da jinin al'adarsu ke zuba da yawa, ga cimar hostal da ke ma kin san yadda take. Akwai ƙullutun tayirod da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Idan ya yi aiki fiye da kima, mutum zai riƙa ramewa alhali yana cin abinci, ya kasa jure zafi, hannu na karkarwa, zuciya na gudu, kai ka rantse fargaba ce tsagwaronta. Asma na kawo ƙuncin ƙirji, abin shaƙar da ake ba masu ita kuma shi ma yakan sa zuciya bugawa. Sai abin da ɗalibai ba sa so a taɓo, wato Nescafe da lemukan ƙarin kuzari da goron da ake ɗirka lokacin jarabawa don a kwana karatu. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu shi kaɗai ya isa ya hana barci ya tayar da zuciya, ga mai fargaba kuwa ƙara wa wuta fetur ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganowa ta WhatsApp. Sai an riƙe hannunki an ƙirga bugun jini, an ja fatar idonki an duba, an taɓa wuyanki, in ta kama a ɗebi jini. Gani ya kori ji.

Maganar taifot kuwa, ba ke kaɗai ba ce. Gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji yakan nuna kamar akwai cutar ga wanda ba shi da ita, musamman a ƙasa irin tamu da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Sai a yi ta rubuta wa yarinya magani wata da watanni, ciwon yana nan inda yake. Abin da ke jawo haka shi ne mu nan fargaba ta jiki take fara magana. Da wuya ɗalibi ya zauna gabana ya ce yana cikin damuwa. Cewa zai yi kansa na zafi kamar an hura wuta, ko wani abu na yi masa yawo a ka, ko idonsa na dishi-dishi da zarar ya buɗe littafi, ko ya karanta shafi guda sau da yawa bai riƙe komai ba. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Abeokuta, ya rubuta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafen daga bakin ɗaliban Najeriya. Ki riƙe wannan a ranki in kika tashi zaɓen wanda zai saurare ki. Mutumin da ke wata ƙasa, wanda bai taɓa jin an ce "abu na yi mini yawo a ka" ba, yana iya ɗaukar maganar a wani abu daban.

Dalili na biyu, ita fargabar kanta iri-iri ce, kuma kowace da hanyarta. Akwai ta zullumi a kan komai, kuɗin makaranta, lafiyar Umma, sakamakon jarabawar da ba a ma rubuta ba, wadda likitoci ke sa mata suna in ta kai wata shida tana damun mutum a yawancin ranaku. Akwai firgicin farat ɗaya, wanda ke zuwa kamar ajali, numfashi ya sarƙe, ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci sannan ya lafa. Akwai tsoron idon mutane, wanda bayaninki ya fi kama da shi. Akwai waswasi, inda za ki ga yarinya ta maimaita alwala har lokacin salla ya kusa fita. Akwai kuma wadda ke biyo bayan tashin hankali, kuma a jihar nan ba sai an yi dogon bayani ba: ɗaliban da suka fito daga Batsari, Jibiya, Safana, Ƙanƙara ko Faskari da yawansu sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ƙarar babur da dare kaɗai ta isa ta hana su runtsawa. Akwai wata 'yar takardar tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7, wadda Robert Spitzer da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Makinta daga 0 ne zuwa 21, wanda ya kai 10 ana so a duba shi da kyau. Za ki same ta a intanet, kuma ba laifi ki cika. Sai dai ma'auni ne kawai na nauyin abin, ba ta faɗin wace iri ce, ba ta kuma faɗin ko tayirod ne.

To, me bincike ya nuna game da na intanet? Maganin zance da ya fi kowanne hujja a kan fargaba shi ne wanda ake taƙaitawa da CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitan Amurka Aaron Beck ya aza harsashinsa a shekarun 1960. A 2018 Per Carlbring na ƙasar Suwidin da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 20 da aka kwatanta CBT ta intanet da ta ido da ido kai tsaye, suka ga a dunƙule sakamakon ɗaya ne. Bayan annobar korona ta 2020 kuma, da dole ta sa asibitoci a duniya suka koma ganin mutane ta bidiyo da waya, abin ya ƙara zama jiki. Don haka duk wanda ya ce miki na waya wasa ne, bai bi maganar ba.

Amma ki lura da abin da aka gwada. Tsararren darasi ne, mako-mako, da aikin gida, da ƙwararren da ke bibiyar mutum yana duba abin da ya yi. Kuma an tantance mutanen kafin a fara, an san ciwon da ke damun kowa. Akasarin gwaje-gwajen a ƙasashen Turai da makamantansu aka yi su, inda ɗalibi ke da ɗakinsa shi kaɗai, da wuta, da intanet da ba ya yankewa. Wannan daban, mutumin da zai karɓi kuɗinki ya riƙa turo miki saƙon murya yana cewa ki kwantar da hankalinki komai zai wuce daban. Manhajojin waya da mutum ke bi shi kaɗai ba mai bibiya su ma suna ɗan taimakawa, sai dai yawancin masu sauke su ba sa daɗewa suke watsar da su.

Ga yadda aikin gaskiya yake, don ki gane shi in kin gan shi, ta waya ko a ofis. Za a ce ki kawo rana guda takamaimai, misali Talatar da aka kira rukuninku. Me ya zo miki a rai daidai lokacin? Ki ce, "Muryata za ta yi rawa, 'yan aji su yi dariya, a riƙa nuna ni har in gama makaranta." A tambaye ki, cikin ɗari, nawa kika yarda da wannan? Ki ce casa'in. A ce to, cikin waɗanda suka yi bayani semistar bara, su wa muryarsu ta yi rawa? Ki yi shiru, don ba ki ma tuna ba. A nan za ki fara ganin cewa yadda kika manta da nasu, haka za a manta da naki. Daga nan sai a shirya miki matakala. Matakin farko ki karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi gaban ƙawarki. Na biyu gaban mutum uku a ɗaki. Na uku ki ɗaga hannu ki yi tambaya a ƙaramin aji, ko da tambayar da kin san amsarta ce. A haka har ki tsaya gaban allo a ɗakin lakca lokacin da ba kowa, sannan lokacin da akwai mutane. A kowane mataki za ki tsaya cikin faɗuwar gaban, ba za ki gudu ba, har ki ga da idonki cewa abin da kike tsoro bai faru ba, ko ya faru kuma kin rayu. Ana yin haka ne kamar sau ɗaya a mako, kuma ƙa'idar da hukumar lafiya ta Ingila ke bi ga mai yawan zullumi ita ce zama 12 zuwa 15, kowanne kamar awa guda. In aka yi zama uku ko huɗu ba a ba ki aikin da za ki je ki yi ba, hira ake yi, ba magani ba.

Yanzu ki dubi matakalar nan ki dubi tambayarki. Kin ce kunya kike ji a gan ki kina shiga ofishin. Wannan kunyar da tsoron tsayawa gaban aji uwarsu ɗaya. Fargaba kamar karen unguwa take, in kika ruga sai ya bi ki, gobe ma ke zai fara nema. Duk ranar da kika ƙi fita aji kina samun sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa gudun ne ya cece ki, sai tsoron ya ƙara ƙiba. Abin da nake jiye miki shi ne waya ta zama wata sabuwar mafaka: kina kwance a kan katifa, kin kashe kyamara, kina rubuta damuwarki da yatsa, kina jin kamar ana magani alhali ba ki haɗa ido da kowa ba. Ga mai irin matsalarki, sa hijabi, takawa zuwa ofishin, yin sallama, zama gaban baƙuwar fuska da buɗe baki, shi kansa mataki ne a matakalar. Ƙwararre yana iya yin wannan aikin ta bidiyo, ya tura ki ki je ki yi ki dawo ki ba shi labari. Amma sai ya zama mai kaifin lura, ke kuma mai gaskiya, don ta waya ɓoye abu ba wuya.

A ɗaki kuwa jiki yana tona asiri. Yarinya za ta ce mini lafiya lau, alhali ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, ta nannaɗe gefen hijabi a yatsa har ya yi fari, zoben da ke hannunta ya yi mata yawa saboda rama. In na ambaci gida sai numfashinta ya canza. Kyamarar waya daga wuya zuwa sama take nunawa, in ma sabis ya bari ta nuna.

Sai maganar sirri, wadda mutane ke ɗauka waya ta fi a kanta. A hostal ba haka abin yake ba. Ɗaki ne na mutum huɗu ko shida, wani lokaci da 'yan alfarma a kai. Na sha yin zama ta waya da ɗaliba muna tsakiyar magana mai nauyi, sai in ji ƙarar ƙofa, daga nan amsarta ta koma "eh", "a'a", "haka ne". Wata ƙarƙashin bene take zuwa, wata bayan masallacin mata, tana raɗa tana waige, ga masu ɗibar ruwa na wucewa. Wanda ke raɗa ba ya kuka, ba ya kuma faɗin abin da ya kawo shi. A gida Daura ma lokacin hutu, ki duba ko akwai inda za ki yi awa guda kina waya ba a leƙo an ce da wa kike magana ba. Budurwa ta shige ɗaki tana kiran bidiyo da wani namiji da dare, ko da likita ne, kin san fassarar da za a yi masa. Ga kuma wayar kanta da ƙanne ke ɗauka su yi wasa, ƙawaye su karɓa su duba hotuna. Saƙon WhatsApp a kulle yake tsakanin wayoyi biyu, amma wannan kullin bai hana wanda ya riƙe wayarki karantawa ba, bai kuma hana na can ɗaya gefen ɗaukar hoton hirar ba. Shiga ofis na minti ɗaya ne a idon mutane, kuma wanda ya gan ki a asibitin makaranta bai san ko ciwon kai ya kawo ki ba.

Manyan kamfanonin waje ma ba su tsira ba. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin mafiya girma a wannan harka, ya biya dala miliyan 7.8 kan zargin miƙa bayanan masu neman shawara ga irin su Facebook da Snapchat don talla. A nan gida muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, muna kuma da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin garinku, ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta kuma tanadi haƙƙoƙin mai jinya. Doka kuwa tana kama wanda aka san sunansa da ofishinsa ne. Mai lambar waya da hoton furanni kawai, in ya ci amanarki ina za ki kai ƙara?

Shi ya sa in za ki yi ta waya, ki fara sanin wane ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya yi karatun likitanci ya ƙware, yana da rajista da hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi a Najeriya, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana da digiri na biyu aƙalla a fannin, shi ya fi yin maganin zance. Akwai nas-nas da suka ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma malaman jagoranci da ba da shawara, irin waɗanda ke ofishin makarantarku. Ki tambayi cikakken suna, inda ya yi karatu, asibiti ko makarantar da yake aiki, wace hanya yake bi, zama nawa yake hasashe, da abin da zai yi in kika shiga hali na gaggawa alhali yana Legas ko Abuja. Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Wanda ya yi miki alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, ko ya haɗa da sayar miki da wani haɗin magani, ko ya fara kiran ki da tsakar dare yana yabon muryarki, ko ya nemi hotonki, ki toshe lambarsa. Kuma kina da damar cewa mace kike so, a waya ko a ofis.

Inda waya ta yi fice ba ƙarami ba ne, kada ki ji kamar na raina ta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ɗalibin da ke Dutsin-Ma ko Daura, wanda ƙwararren da ya dace da shi ke Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ba zai iya hawa mota duk mako ba, ga kuɗin mota ga halin da wasu hanyoyin ke ciki. Babban amfaninta a wurina shi ne rashin yankewa. Magani na wata uku ko huɗu ne, semista kuma ba ta jira. Hutu zai zo ki koma Daura, ko a tafi yajin aiki kamar na ASUU a 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya fara ganin ki ido da ido ya san ki, in ya ci gaba da ke ta waya a irin wannan lokacin, kusan babu abin da aka rasa. Kuma akwai wanda fargabarsa ta kai ko ƙofar gida ba ya iya fita, ko matar auren da ba a bari ta je. Ga irin waɗannan a fara ta waya, da babu gara ba daɗi, da niyyar wata rana a taka.

Ita ma dai wayar tana da nata yankewar. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Funtuwa da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Ko ba wannan, ga rashin wuta da caji, ga kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. In bidiyo na sarƙewa, ku koma kiran murya kawai. Ya fi a yi ta "kina ji na?" rabin lokaci. Ki sa abin ji a kunne, ki zaɓi lokacin da 'yan ɗakinku ke lakca, ki ajiye littafi da biro, ki zauna a zaune kamar a ofis kike. Kuma tun zaman farko ki ba shi lambar wani babba da kika yarda da shi da sunan inda kike.

Game da magani, ba kowa ke buƙatarsa ba, kuma ba a fara shi ta saƙon waya. In likita ya ga ya dace, akwai rukunin magungunan da ake kira SSRI. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, a kwanakin farko ma wani yakan ji kamar abin ya ɗan ƙaru, kuma ba a daina su rana ɗaya sai da shawarar likita. Abin da nake roƙon ki shi ne kada ki je kemis ki ce a ba ki maganin barci ko na kwantar da hankali. Diyazifam da danginsa suna kashe fargaba cikin rabin awa, shi ya sa suke da haɗari, jiki yana sabawa da su, in aka daina kuma fargabar ta dawo da ƙarfinta. 'Yan mata da yawa da suka faɗa shan kodin da tiramol ba da neman maye suka fara ba, barci suke nema. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma ke ma kin san bai ɓace daga hostal ba.

Ruƙiyya da addu'a kuwa, ba zan ce ki bari ba. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki riƙe salla, suna sanyaya zuciya, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce miki raunin imani ne, ko a tsaya kan iska da sammu har shekara ta wuce ba a auna jininki ba. Mahaddata Alƙur'ani ma suna zuwa wurinmu da wannan ciwon. In za ki iya, ki gaya wa Umma da kalmomin da za ta karɓa: zuciyata na bugawa, ba na barci, ina so likita ya duba ni. Ba sai kin fara da sunan sashen da za a tura ki ba.

Akwai halin da ba a jiran layin waya ko ranar ganin likita. In tunanin kashe kanki ko cutar da kanki ya fara zo miki, ko kika ji rayuwar ta fita ranki, ko kika yi kwanaki ba barci sam, ko kika daina cin abinci, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ciwon ƙirji ya zo da suma, ki gaya wa wani babba a ranar, a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Fargaba da ciwon baƙin ciki mai tsanani sukan zo tare, shi ya sa za ki ji an yi miki waɗannan tambayoyin a zaman farko, kada ki ji wani iri.

Abin da za ki yi a makon nan, ki fara da asibitin makaranta, tunda a makarantun da ke cikin tsarin inshorar ɗalibai ta TISHIP kin riga kin biya kuɗinsa a rajista. Ki tafi da ƙawar nan taki ta zauna a waje. Kafin ki je ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, me ke tayar da shi, awa nawa kike barci, duk magungunan da kika sha da abin da kike sha don kwana karatu, saboda in baki ya ƙi buɗuwa sai ki miƙa takardar. Ki faɗa musu ƙarara cewa an yi ta ba ki maganin taifot ba sauƙi, kina so a duba yawan jininki da tayirod, kuma kina zargin fargaba ce. In sun ga ya fi ƙarfinsu, ki nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Ofishin ba da shawara kuma ki leƙa shi ko don maganar kariyoban, domin su ne suka san yadda ake magana da sashenku, kuma da takardar likita a hannu malami yana iya yarda ki fara yin bayaninki gaban mutum kaɗan kafin ki kai ga cikakken aji. Duk wanda kika gani a cikinsu, kafin ki tashi ki tambaye shi ko yana ci gaba da ɗalibai ta waya lokacin hutu, ku kuma tsayar da rana da lokaci tun kina Katsina.